Garmahon Yaya da Ƙayar Aduwa

Bara, bayan sadakar arba'in ɗin yayana, aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gidansa na Gwammaja, aka fito da kayansa. Riguna, huluna, buta, rediyo, da sandar da ya dogara da ita fiye da rabin rayuwarsa. Can daga ƙarshe aka jawo wani baƙin akwati daga ƙarƙashin gado, da kwali ɗaure da igiya. 'Ya'yansa suka dubi juna, ba wanda ya miƙa hannu.

Babbar 'yarsa ta ce, "Goggo, wannan tarkacen fa? A ba 'yan gwangwan?"

Na ce, "In ba mai so, ni ina so."

Suka yi dariya, suka ce sun ba ni duniya da lahira. Garmaho ne, irin wanda ake wanawa da hannu, da faya-fayansa.

Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. 'Yata ta fari ce ke riƙe da alƙalami, ni ina faɗa. Ita ma yanzu furfura ta kama ta, ta ajiye aikin koyarwa, tana da jikokinta. Na ce mata ta rubuta yadda na faɗa ko da an zo wurin da zai ba ta haushi, domin akwai wurin da zai ba ta haushi.

Mu biyu ne muka rayu cikin 'ya'yan Inna, Yaya sai ni. Inna Bafulatanar daji ce, a ruga aka haife ta, aure ya kawo ta cikin birni, kusa da Ƙofar Mazugal. Babanmu ya rasu ina ƙarama, sai ƙanensa, Baffa, ya riƙe gidan. Yaya shi ne ɗan fari. Ku na yanzu sai an yi muku bayani. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta ce masa ɗana, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Hausawan birni ma suna wannan kunya, amma irin ta su Inna ta fi tsanani. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Wancan" take ce masa. In ta kwashe tuwo sai ta ce da ni, "Kai wa wancan." In zazzaɓi ya kama shi sai ta jiƙa magani ta ajiye a bakin ƙofarsa, ta dubi bango ta ce, "Ga wani abu nan, in da mai so." Shi ma haka ya tashi. Daga nesa yake durƙusawa ya gaishe ta, kansa a ƙasa, ita kuwa ta amsa wa iska.

Yaya ya koyi gyaran rediyo da garmaho a Sabon Gari, wurin wani mutumin kudu. Ubangidan nasa ne ya ba shi wannan tsohon akwati, shi kuma ya riƙa tara faya-fayai ɗaya bayan ɗaya. Akwai na kukuma, akwai na garaya, akwai na goge, akwai na mutanen kudu masu bushe-bushe. Amma wanda ya fi so shi ne wani mai jar takarda a tsakiya, kiɗan jita na Turawa. Gangarsa kamar ana sussuka da sauri, mawaƙin kuwa ihu yake kamar kunama ta harbe shi. Kullum bayan la'asar, in ya dawo daga aiki, sai ya wana akwatin a ƙofar ɗakinsa, ya zauna yana kaɗa ƙafa.

Inna kan ce da ni, "Ki gaya wa wancan, nan ba gidan mahaukata ba ne."

Tsakaninsu bai fi taku goma ba, yana jin ta sarai. Sai ya ce da ni, "Ki ce an ji." Ya cusa tsumma a bakin akwatin, ihun ya ragu, ƙafarsa dai ba ta daina kaɗawa ba.

Sai shekarar tashin hankali ta zo, aka yi abin da bakina ba ya son faɗa a Sabon Gari. Yaya ya raka ubangidansa da iyalinsa har tashar jirgin ƙasa, ya dawo gida bai ci abinci ba kwana biyu. Shagon ya rufe, aiki ya tsaya. Da yaƙin basasa ya tashi aka ce ana ɗaukar soja, sai ya tafi. Ya ce da ni masu gyaran waya ake nema, ba lallai ya riƙe bindiga ba, kuma wa ya sani, ko ya yi kiciɓis da ubangidansa a can. Ranar tafiyarsa ya durƙusa daga nesa kamar kullum. Inna tana tankaɗe. Ta ce da ni, "Ki ce Allah ya kiyaye hanya." Ba ta ɗago kai ba. Amma garin da take tankaɗewa tuni ya ƙare, rariya kawai take kaɗawa.

A lokacin na yi aure a Jakara. Mijina jikan Larabawan da suka zauna a birni ne, fatauci yake. Da yaƙi ya toshe hanyar kudu sai ya juya arewa, wajen Agadas, yakan yi watanni bai dawo ba. Da cikina na fari ya tsufa aka mai da ni gida goyon ciki, kuma saboda ba ya nan, zamana wurin Inna ya yi tsawo.

Wasiƙa biyu muka samu daga Yaya, sai shiru. Ina da ciki wata takwas wani sojan unguwarmu ya dawo da hannu ɗaya. Ya zo soro ya zauna da Baffa. Ya ce ya ga Yaya ya faɗi a bakin wani babban kogi ranar da aka yi ƙoƙarin ƙetarewa. Bai ga gawa ba, amma ya ga ya faɗi, kuma ruwa ya tafi da mutane da yawa a ranar.

Baffa ba mugu ba ne, a rubuta wannan. Ya jira, ya aika tambaya bariki, ba a samo komai ba. A ganinsa mamaci yana da hakki a kan rayayyu, a yi masa addu'a, a fitar da kayansa sadaka ladan ya isa gare shi, kada a bar shi a rataye kamar wanda ba shi da kowa. Bayan na haihu an yi suna, sai ya tsaya a bakin tsakar gida ya yi gyaran murya.

Ya ce, "Innar yara, ina ganin lokaci ya yi. Me kika ce?"

Me za ta ce? In ta ce a jira, ta nuna. Tana zaune tana kaɗi. Ta ce, "Ni ina ruwana? Naku ne, ku yi yadda kuka gani."

Sai zaren ya tsinke a hannunta. Inna da mata ke zuwa kallon zarenta don santsi.

Aka yi sadaka, aka soya waina aka raba. Aka shiga ɗakinsa aka fito da riguna, da keke, da akwatin kayan aikinsa. Ina zaune a rumfa da jaririya 'yar sati uku, jikina duk zafin ruwan wanka. Abu na fita, abu na fita, Inna ba ta ko waiwaya ba. Sai Baffa ya sunkuya ya kama hannun garmaho.

Inna ta ce, "Wannan kam a bar shi. Na yarinya ne."

Baffa ya ce, "Wace yarinya?"

"Jaririyar nan. Ba ta barci sai an kunna mata."

Jaririyar da tun da ta zo duniya ba ta taɓa jin motsinsa ba. Baffa ya juyo ya dube ni. Ya ce, "Haka ne?"

Ban taɓa yi wa Baffa ƙarya ba sai ran nan. Na ce, "Haka ne, Baffa."

Ya girgiza kai. Ya ce, "Ikon Allah. 'Ya'yan zamani tun daga zanen goyo. To, a bar mata. Amma ranar da aka yaye ta, a fitar da shi, ya bi 'yan'uwansa."

Daga ran nan na gane abin da ke ƙasa. Duk abin da ke nuna Yaya yana da wuri a gidan nan ya fita, saura wannan akwati. Ranar da ya fita, Inna ta yarda ɗanta ya mutu. Ba za ta iya buɗe baki ta ce ba ta yarda ba. Jaririya ce kaɗai bakinta.

To, ƙarya sai an yi mata hidima. Baffa yana zama a soro bayan la'asar, dole ya ji. Muka jawo akwatin rumfa. Na wana shi yadda na ga Yaya na yi, na jawo kwalin faya-fayai. Ni da Inna ba mai karatu, da launin takarda muke gane su. Na ɗauko wani na garaya, a zatona shi zai fi mata sauƙi.

Inna tana kallon wani wajen ta ce, "Ba wannan ba. Mai jan nan. Mai ɗan ɓalli a gefe."

Ashe ta san shi har ɓallinsa.

Na ɗora allura. Ganga ta ɓarke, Bature ya kwarma ihu. Jaririya ta zabura, ta ƙanƙame, ta tsala kukan da ban taɓa jin ta yi ba, fuskarta ta yi jawur.

Inna ta ɗauke ta tana jijjigawa, ta ɗaga murya yadda za a ji a soro. "Kin gani? Taya shi take. Ƙawata 'yar duniya, ashe kin iya Turanci."

Ga wurin haushin an zo. Duk tsawon rayuwar 'yar nan tawa ana ba ta labari a dangi cewa ita ce jaririyar da ba ta barci sai da kiɗan Turawa. Har a makarantar da ta koyar ta ba da labarin tana alfahari. Ga ta nan ta ajiye alƙalami tana hararata. Ɗauki ki rubuta. Sati biyu kika yi kina tsala ihu duk ranar Allah.

Daga baya ta saba. Muka saba mu ma.

Sai allura ta zame mana matsala. Garmaho allurar ƙarfe yake ci, 'yar ƙarama, kuma kowace ba ta wuce juyi kaɗan ta dakushe. Yaya ya bar ɗan gwangwani guda, ya ƙare. Muka aika kasuwar Kurmi, aka ce babu, masu kawo ta sun tafi, hanya kuma a rufe. Inna ta ce ai ƙarfe ƙarfe ne. Ta tattara dakusassun ta riƙa wasa su a kan dutsen da take wasa wuƙa. Suka yi tsini kamar na kibiya. Muka yi murna, muka ce mun yi dabara.

Wata biyu muna haka. Muryar Baturen ta fara dushewa kamar mai mura, wani shuu ya riƙa taso masa daga baya. Muna ganin baƙin gari a bakin allura, mu a zatonmu datti ne take sharewa. Ran nan Inna ta shafa faifan da yatsa, ta duba, yatsan ya yi baƙi kamar ta shafa kwalli. Ta daɗe tana kallonsa.

Ta ce, "Cinye shi muke yi."

Ta rufe akwatin. Kwana uku ba kiɗa. Abin mamaki, sai yarinya ta ƙi barcin la'asar. Ta yi ta mutsu-mutsu tana juya kai wajen rumfa tana kuka. Ƙaryarmu ta zama gaskiya a daidai lokacin da ba mu da abin riƙe ta. A rana ta uku Baffa ya leƙo ya ce, "Yau ma ban ji mutumin naku ba. Ko ta gaji da shi ne? In ta gaji ai sai..."

Inna ta ce, "Hutawa yake."

Washegari da hantsi ta yafa mayafi ta fita. Tsohuwa ce, ba mai tambayar ta ina za ta. Ta fita ta Ƙofar Mazugal, lokacin bayan ganuwa akwai fili da itatuwa. Ta dawo da azahar, gefen zanenta ƙulle, yatsunta duk sun yi jini. Ta kwance ƙullin, sai ga ƙayoyi iri-iri. Ta ce a ruga ƙaya ce allurarsu, da ita suke huda kunne, da ita suke cire sartse, da ita suke huda ƙwarya in za su ɗinke ta. Abin da ke shiga fatar mutum bai yaga ta ba, in ji ta, ba zai yaga faifai ba.

Farar ƙaya ta karye tun kafin faifai ya zagaya sau goma. Wata kuma ta lanƙwashe. Ta aduwa ce ta tsaya. Amma sai an shanya ta kwana uku a kan soro, sannan a fiƙe ta da aska, yanka uku a karkace, a gyara gindinta ta shiga ramin allura. Ƙaya ɗaya, fuskar faifai ɗaya, sai a sake fiƙewa.

Inna ta ce kada a gwada a kan mai jan, ya sha wuya. A samo wani. Na zura hannu can ƙasan kwali na zaro ɗaya da ban taɓa gani ba, naɗe a takarda. Na warware. A kan takardar tsakiyarsa an zana wata alama da bakin ƙusa, layi biyu a tsaye da ƙafar tsuntsu a ƙarƙashi. Na san alamar. Tana gindin tsohuwar ƙwaryar da Inna ta zo da ita daga ruga. Alamar shanun babanta ce.

Na miƙa mata. Ta duba, ta mayar mini. Ta ce, "Wancan ba shi da aikin yi sai ɓata takarda. Ɗora mu ji."

Sautin ƙaya ba irin na ƙarfe ba ne. Ƙasa-ƙasa yake fita, a tausashe, kamar daga cikin rijiya. Sarewa ce ta fara, ita kaɗai, tana hawa tana sauka. Sai wani mutum ya shigo da waƙa da Fillanci, ba ganga, ba amshi. Mu 'yan birni Fillanci ya kuɓuce mana, sai gaisuwa. Na dubi Inna. Askar tana hannunta, ta manta da ita.

Na ce, "Inna, me yake cewa?"

Ta ce, "Shanu yake kira. Haka ake yi in za a tashi da garke farkon damina." Ta ɗan saurara. "Fara, taho. Ja mai farin goshi, taho. Mai karyayyen ƙaho, ke ma taho."

Mutumin ya ƙara wani baiti, ya ja shi da tsawo, sarewa ta ɗauka. Na ce, "Wannan fa?"

Ta ce, "Wannan ba ya juyuwa da Hausa."

Ta tashi ta shiga ɗaki, ba ta fito ba sai da aka kira magariba. Yaya bai taɓa kunna wannan faifan a gida ba, ko sau ɗaya. Ya saya, ya sa masa alamar da mara karatu zai gane, ya ɓoye a ƙasan kwali. Ta yaya zai miƙa mata? Kunyar ai ba ita kaɗai ta ɗaure ba.

Daga nan kullum biyu muke ji, mai jan sannan mai sarewa. Yarinya takan yi barci a tsakiyar na biyun. Wata rana ina shanya sai na ji wani abu, na tsaya. Inna tana daka a gindin turmi, kuma taɓaryarta tana sauka daidai da gangar Baturen, har da ɗan luguden da take yi in ya kai wurin ihun. Na yi dariya. Ta ce, "Me? Shi ne yake bin taɓaryata."

Haka muka ci shekara biyu. Mijina ya dawo ya sake tafiya ya sake dawowa. Surukata ta aiko tana tambaya ko an sake ɗaura mini aure da Ƙofar Mazugal ne. Na koma ɗakina a Jakara, amma kusan kullum ana kawo ni gida da yarinya bayan azahar, don Inna ta ce akwatin ba ya son a riƙa ɗaukarsa, kuma ba wanda ya iya fiƙe ƙaya sai ita. Mijina mutum ne mai gane abu ba a faɗa masa ba. Bai taɓa hana ni ba.

Yaƙi ya ƙare. Jiragen ƙasa suka riƙa sauke sojoji, unguwa ta cika da guɗa a wani gida, kuka a wani. Namu shiru. Watannin yaye yarinya suka cika, Baffa yana lissafe da su. Inna ta ce ai ana zafi, ba a yaye da zafi. Zafi ya wuce, ta ce yarinya na haƙori. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga ta ce, "Oh ni! Yarinya tana gwaguyar ƙashi tana shan nono? Sai ta kai ku ƙara wurin alƙali da bakinta za ku yaye ta?"

Inna ta ce, "Nonon naki ne?"

Amma yarinya ce ta ci amanarmu. Wata Talata na ɗauke ta zan ba ta, ta ture ni da hannu biyu, ta nuna ƙwaryar Inna ta ce, "Fura." Washegari ma haka. Ta yaye kanta, a tsakar gida, kowa na gani.

Ranar Juma'a da safe Baffa ya shigo. A hankali ya shigo, kamar mai zuwa dubiya. Ya ce, "Innar yara, alkawari ya cika. Yau rana ce mai kyau. An gama yaƙi da daɗewa, wanda zai dawo ya dawo. Mu sallame shi."

Inna ta ce, "Ai yarinya har yanzu..."

Ta waiwaya neman yarinya. Yarinya tana can bakin rijiya tana korar kaji da kara, ba ruwanta da kowa.

Baffa ya sunkuya ya kama hannun akwatin. Sai Inna ta ɗora tafinta a kan murfin. Ba ta ja ba, ta dai ɗora.

Ta ce, "Na ɗana ne."

Matar Baffa tana tsaye da tsintsiya, ta kasa sauke ta.

Inna ta ce, "Ɗana ne. Ni na haife shi, a ɗakin can. Ban ga gawarsa ba, ban ga kabarinsa ba. Kun kwashe rigunansa na yi shiru. Wannan ba ya fita sai in ni aka fara fitarwa." Sannan ta kira sunansa. Sunan yanka, cikakke, sau ɗaya. A bakinta ya fito kamar kalmar wani yare, don harshenta bai taɓa ɗaukarsa ba.

Baffa ya saki akwatin. Ya tsaya kansa a ƙasa. Can ya ce, "Allah ya sa ki fi mu gaskiya." Ya juya ya fita, ina ganin yana goge ido da hannun riga.

Inna kuwa sati guda ba ta haɗa ido da kowa ba, kamar wadda zanenta ya faɗi a kasuwa. Amma la'asar na yi sai ta fiƙe ƙaya. Ba ta ƙara cewa don yarinya ba ne, ba ta kuma ce don wani ba ne.

Da kaka, an fara shigo da sabon gero, wata la'asar mai jan yana juyawa, Inna na daka, sai muka ji sallama a soro, da ƙarar sanda, ƙwas, ƙwas. Wani mutum ya shigo, ramamme, yana jan ƙafa ɗaya. Yaya ne. Ashe an tsamo shi daga ruwa a ɗaya gaɓar, ya zauna a hannun sojojin ɗaya ɓangaren har ƙarshen yaƙi, daga nan asibiti. Ubangidansa kuwa bai same shi ba, bai kuma ƙara jin labarinsa ba har ya mutu.

Na yi ihu na faɗi a ƙafarsa. Ya durƙusa daga nesa da ƙyar, ya gaishe da Inna. Inna ta juya masa baya. Ta ce da ni, "Ki ba baƙo ruwa." Ta ɗaga taɓarya ta sauke, ta sami gefen turmi, gero ya watse a ƙasa. Ta sake ɗagawa, ta sake samun gefe.

Baffa ya shigo a guje ba hula. Da aka gama koke-koke Yaya ya ce, "Baffa, an ce an yi sadakata. Ina tawa wainar?" Baffa yana kuka yana dariya, ya cire rigar jikinsa ya ba shi, don ko ɗaya ba a bar masa ba.

Sannan Yaya ya ja jiki wurin akwatin. Ya ɗaga mai jan ya duba shi a hasken rana, ya yi fari-fari kamar toka. Ya ce, "Wa ya cinye mini faifai?"

Inna ta ce da bango, "Ki ce masa yarinya ce."

Ya dubi yarinyar da bai taɓa gani ba, tana leƙensa daga bayan zanena. Ya ce, "Ke ce? Ashe na yi abokiya." Ya buɗe gwangwanin allura, ya tarar da ƙaya. Ya ɗauki ɗaya ya juya ta, ya taɓa tsininta da babban yatsa, ya dubi yankan nan uku. Ya ga faifai mai alamar shanu a saman kwali, ba a ƙasa ba. Ya daɗe a sunkuye. Ya rufe gwangwanin, bai tambayi komai ba.

Ban taɓa gaya masa abin da Inna ta faɗa ranar Juma'ar nan ba. Ba wanda ya gaya masa. Ta rayu shekaru bayan haka, ta ga aurensa, ta goyi 'ya'yansa, har ta koma ga Allah "wancan" take ce masa. Bayan rasuwarta na sha ɗaukar maganar zan kai masa, in na je sai mu ɓuge da hirar ciwon ƙafa. Da aka ce ya cika, abin da ya fara zo mini ke nan, na bar shi ya tafi bai ji ba.

Da na kawo akwatin gida bara, 'yata ta kai shi wurin wani tsohon mai gyara a Jakara, ya sa masa mai, ya tashi. Cikin kwali muka sami gwangwanin nan naɗe a ɗankwalin Inna. Na buɗe. Ga tsofaffin ƙayoyinta, sun yi baƙi. A kansu kuma ga waɗansu da ba su daɗe ba, an fiƙe su yanka uku, amma a karkace ba daidai ba, aikin hannun Yaya bayan ya tsufa. Na zauna da gwangwanin a cinya har aka kira azahar.

Bayan ganuwa yanzu gidaje ne, ba aduwa. Sai da 'yata ta sa aka samo mana daga ƙauye. Na shanya, na fiƙe da kaina.

Mai jan ya ƙare, sai shuu da 'yar ganga can nesa. Amma 'yata ta karanta sauran rubutun takardar, ta danna wayarta, nan take sai ga shi, tas, kamar mutumin yana cikin ɗakin. Ashe har da masu amshi a bayansa, mu ba mu taɓa jin su ba. Na ce ta gaya mini abin da yake ta yi wa ihu shekara da shekaru. Ta saurara, ta ce, "Umma, wata yarinya yake roƙo ta taso su yi rawa." Na yi dariya har hawaye ya zo, hawayen kuma ya ƙi tsayawa da dariyar ta tsaya.

Mai sarewa kuwa ta nema ta nema, babu shi a waya, babu wanda ya san mai busar. Shi ƙarfe bai taɓa hawa kansa ba a hannunmu, don haka yana nan lafiya. Na ɗora ƙaya bayan la'asar. Sarewa ta taso daga rijiyarta. Fara, taho. Ja mai farin goshi, taho. Da aka zo dogon baitin nan 'yata ta ce tana da ƙawa Bafulatana, za ta iya kawo ta ta fassara mana. Na ce a'a. Mai shi ta ce ba ya juyuwa, a bar mata abinta.

Na sake fiƙe ƙayar, na mayar da shi farko. Kafin ya kai tsakiya na waiwaya, sai ga malama mai furfura, uwar jikoki, ta jingina da bango a kan tabarma, baki a ɗan buɗe.

Ta ce wai ba barci ta yi ba, ido kawai ta rufe. Na ce to, rubuta hakan ma.